Ƙasimu A Cikin Kogo: Kwamfuta Da Labaran Almara

A jawabinmu na wannan mako za mu haɗa abubuwa biyu waɗanda ba a saba jin su a zance ɗaya ba. Na farko shi ne 'yan wahalce-wahalcen da na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, ta ke ba mai aiki da ita yau da gobe: ya manta kalmar sirri, ko aikin da ya kwana yana yi ya ɓace, ko na'urar ta sandare ta ƙi gaba ta ƙi baya. Na biyu kuwa shi ne labaran almara, irin na matsafa da aljannu da dodanni, waɗanda mu ke karantawa a littattafai ko mu ke kallo a telebijin. Dalilin haɗa su shi ne, a ganina, masu ba da irin waɗannan labarai sun riga masana kimiyya sanin halin kwamfuta da shekaru aru-aru. Sun daɗe suna ba da labarin wani bara mai ƙarfin gaske, mai biyayya, amma ba shi da hankali ko na anini. Abin da bakinka ya furta shi zai aikata, ba ruwansa da abin da ke zuciyarka. Wanda ya gane halin wannan bara ya gane rabin ciwon kan da kwamfuta ta ke jawo masa.

Mu fara da Ƙasimu, ɗan'uwan Ali Baba. Wannan labari, ko da ya ke yau ana lissafa shi cikin Dare Dubu da Ɗaya, ba a same shi a tsofaffin rubuce-rubucen Larabci na littafin ba. Wani Bafaranshe ne mai suna Antoine Galland ya ji shi daga bakin wani saurayi mutumin Halab, Hanna Diyab, a birnin Paris cikin 1709, ya shigar da shi cikin fassararsa. To, kun dai san yadda aka yi. Ƙasimu ya matsa wa ɗan'uwansa lamba har ya gaya masa kalmar da ke buɗe kogon ɓarayi. Ya kora alfadarai goma, ya je, ya faɗi kalma, dutse ya buɗe, ya shiga, dutse ya rufe. Da idonsa ya faɗa kan dukiya sai hankalinsa ya tashi, kalmar ta kwanta masa. Ya tuna dai sunan wata ƙwaya ce da a ke nomawa. Ya kira sha'ir, shiru. Ya bi sauran hatsi ɗaya bayan ɗaya, shiru. Riɗi kaɗai ya kasa tunawa. Dutsen bai ce masa ya yi kusa ba, bai kuma tausaya masa don ya ga shi ne mutumin da ya shigo ɗazu ba. Nan ɓarayi suka iske shi, suka kashe shi.

A watan Janairu na 2021 jaridar New York Times ta ba da labarin wani Ƙasimu na zamani. Sunansa Stefan Thomas, haifaffen Jamus ne mazaunin San Francisco a Amurka, sana'arsa ma tsara manhajar kwamfuta. A 2011 aka biya shi ladan wani aiki da kuɗin intanet ɗin nan da a ke kira Bitcoin, guda 7,002, lokacin ba su da wata daraja ta a zo a gani. Ya kulle mabuɗinsu cikin wata 'yar ma'ajiya mai suna IronKey, ya rubuta kalmar sirri a takarda, takardar ta ɓata. Ita kuwa wannan ma'ajiya sau goma kawai ta ke yarda a gwada, in aka kuskure na goma sai ta rufe har abada. Lokacin da jaridar ta yi hira da shi ya riga ya gwada takwas, dukiyar kuwa ta kai kimanin dala miliyan 220.

Galibinmu abin da mu ke rasawa bai kai haka ba, wasiƙu ne ko hotuna. Amma mutane kan yi mamakin abin da ya sa kamfani ba ya iya tuna musu tsohuwar kalmarsu, sai dai ya ce su sake sabuwa. Dalili shi ne, a tsari mai kyau, kamfanin ma bai san ta ba. Da ka zaɓi kalma sai na'ura ta niƙa ta da wani lissafi, ta ajiye garin. Duk ranar da ka zo shiga sai ta niƙa abin da ka rubuta, ta gwada garin yau da na ajiya. Ana mai da gero gari, ba a mai da gari gero. In kuwa harafi ɗaya ya sauya, garin gaba ɗaya ya sauya, shi ya sa babu batun ka yi kusa. Maganin abin shi ne mutum ya haɗa kalmomi huɗu ko biyar waɗanda ba su da dangantaka da juna, ya rubuta su a littafin da ya ke adanawa a gida, ko ya yi amfani da manhajar da aka yi musamman don riƙe irin waɗannan kalmomi.

Wannan batu na kalma madaidaiciya shi ne ginshiƙin littafin da na fi so cikin almarar Turawa, A Wizard of Earthsea, na wata Ba'amurkiya Ursula Le Guin, wanda ya fito a 1968. A duniyar wannan littafi kowane abu yana da suna na gaskiya, matsafi kuma ba shi da iko a kan abin da bai san sunansa daidai ba. Yaron labarin, Ged, girman kai ya sa shi ya karanta abin da ya fi ƙarfinsa, ya saki wata inuwa wadda ta yi ta farautarsa shekaru. Abin da na ke so ga littafin shi ne tsafi a cikinsa karatu ne mai ƙa'ida, kuskure kuma yana da farashi.

Na biyu, bara wanda ba ya tsayawa. Tun ƙarni na biyu bayan haihuwar Annabi Isa wani marubuci mai suna Lucian, mutumin Samosata a bakin kogin Furat, ya ba da labarin wani da ya laɓe ya ji yadda wani matsafi Bamisire ya ke mai da taɓarya ɗan aike. Da maigida ya fita, sai shi ma ya faɗi kalmar, ya umarci taɓarya ta ɗebo ruwa. Ta ɗebo, ta koma, ta ɗebo, har gida ya cika, shi kuwa bai koyi kalmar tsai da ita ba. Ya ɗauki gatari ya raba ta biyu, sai masu ɗiban ruwa suka zama biyu. Mawaƙin Jamus Goethe ya mai da labarin waƙa a 1797, taɓarya ta koma tsintsiya, kamfanin Disney kuma ya zana shi cikin fim ɗin Fantasia a 1940.

A 1998 taɓaryar nan ta shiga kamfanin Pixar na Amurka, lokacin ana tsakiyar aikin fim ɗin 'yan tsana, Toy Story 2. Wani ya buga umarnin share fayiloli a inda bai kamata ba. Na'ura ba ta tambayi dalili ba, ta kama shara. Ma'aikata suna kallo kayan fim suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kafin a zare wutar injin kimanin kashi 90 cikin 100 na aikin ya tafi. Aka ce a ɗauko kwafin ko-ta-kwana, sai aka tarar ya daɗe ba ya aiki yadda ya kamata, ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata babbar ma'aikaciya, Galyn Susman, wadda ta haihu ba da daɗewa ba, tana aiki daga gida, tana da kwafin fim ɗin a kwamfutarta. Aka naɗe na'urar da barguna, aka sa ta a mota aka kawo kamfani kamar ana ɗauke da ƙwai. Fim ɗin ya fito a 1999.

Wanda ya fi wannan girma ya faru ranar Juma'a 19 ga watan Yuli na 2024. Wani kamfanin tsaron kwamfuta mai suna CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa wani ɗan gyara mai kuskure a ciki. Na'urori suka karɓa da biyayya, suka faɗi. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8 da rabi abin ya shafa. Jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage ayyuka, bankuna suka tsaya, tashar telebijin ta Sky News a Ingila ta ɗauke na wani lokaci. An janye gyaran cikin minti 78, amma na'urori da yawa sai da ma'aikata suka bi su ɗai-ɗai da hannu, aka kwashe kwanaki.

A gida kuwa, idan kwamfuta ta sandare, shawarar da kowa ya ke bayarwa ita ce a kashe ta a sake kunnawa. Wasu suna ɗaukar wannan camfi ne, alhali yana da dalili. Kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa iri biyu. Akwai ta dindindin, kamar littafi, akwai kuma ta wucin gadi, kamar allon makaranta, inda ta ke rubuta abin da ta ke aiki a kansa a lokacin. In aka daɗe ba a wanke allo ba, rubutu ya hau rubutu, wannan aiki yana jiran wancan, wancan kuma yana jiran wannan, sai kome ya tsaya. Kashewa wanke allo ne. Sai dai duk abin da ke kan allo kaɗai, wanda ba a kwafe shi cikin littafi ba, ya bi ruwan wanki. Shi ya sa mai rubutu ya kamata ya saba da adana aikinsa kowane 'yan mintoci.

Na uku, ran da aka ɓoye wuri ɗaya. A tatsuniyoyin Rasha akwai wani mugu, Koschei, wanda ba ya mutuwa, domin ajalinsa yana cikin allura, allura cikin ƙwai, ƙwai cikin agwagwa, agwagwa cikin zomo, zomo cikin akwati. Kulle a kan kulle, amma dai allura ɗaya ce, ranar da aka karya ta ya ƙare. Haka Sauron, mugun sarkin littafin Tolkien, The Lord of the Rings, wanda ya fito kashi uku a 1954 da 1955. Ya zuba mafi yawan ƙarfinsa cikin zobe guda, da zoben ya narke mulkinsa ya rushe. Voldemort kuwa, matsafin littattafan Harry Potter guda bakwai waɗanda J. K. Rowling ta fitar tsakanin 1997 da 2007, ya raba ransa ya ɓoye cikin abubuwa dabam-dabam a wurare dabam-dabam, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya kafin a ga bayansa. Ban ce ku yi koyi da halinsa ba, amma wajen ajiya ya fi Sauron wayo.

Su kansu labaran almara sun ɗanɗana wannan darasi. A watan Nuwamba na 1963 gidan telebijin na BBC ya fara wani shiri mai suna Doctor Who, labarin wani baƙo mai yawo tsakanin zamunna da taurari cikin akwatin wayar 'yan sanda. A wancan zamani faifan ɗaukar hoto yana da tsada, saboda haka daga wajen 1967 zuwa 1978 aka riƙa share tsofaffin shirye-shirye ana ɗora sababbi. Da aka farga, kashi fiye da ɗari na shirin sun salwanta. Abin da ya tsira, da yawansa kwafi ne waɗanda aka sayar wa ƙasashen waje. A watan Oktoba na 2013 aka ba da sanarwar cewa wani Bature mai bin sawun tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya gano kashi tara daga cikin ɓatattun, na 1967 da 1968, a ajiye a wata tashar telebijin a Jos, cikin Nijeriya. Adadin ɓatattu ya sauko daga 106 zuwa 97. Abin da London ta share, Jos ta riƙe shi shekaru da yawa. Wani abin sha'awa kuma shi ne babu kashi ko ɗaya wanda muryarsa ta ɓace, domin wasu masu kallo sun riƙa kara rakoda kusa da akwatin telebijin a gidajensu suna ɗauka.

Masana ajiya sun taƙaita wannan darasi da cewa abu mai muhimmanci ya zama yana da kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam da gidanka. Ga wanda ya ke zaman baƙunci a wata ƙasa wannan magana tana da nauyi ƙwarai. Sau da yawa hotunan bikin da bai samu halarta ba, da muryar mahaifiya wadda ta aiko masa kafin Allah ya karɓi abinsa, da takardun izinin zama, duk suna cikin waya guda a aljihunsa. Waya kan faɗa ruwa, a kan sace ta a tasha. Darasin Pixar kuma ya ƙara da cewa kwafin da ba a taɓa buɗe shi an gwada ba, bai kamata a dogara da shi ba.

Wani zai ce ai kwamfutar yau ta wuce baran nan marar hankali, tana ma cankar abin da ka ke nufi. Gaskiya ne, sai dai nan ne wahala ta huɗu ta ke, watau shisshigi. Duk mai rubuta Hausa a waya ya san yadda na'ura kan fizge kalmarsa ta mai da ita wata ta Turanci ba tare da sallama ba. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa. Tun farkon shekarun 1990 aka ba su gurbi a tsarin haruffa na duniya da a ke kira Unicode, amma ba kowane salon rubutu ne aka zana su a cikinsa ba, sai mai karatu ya ga ɗan akwati fayau inda ya kamata ya ga harafi. In kuwa aka watsar da lanƙwasa don gudun wahala, sai ƙafa ta zama kafa, baƙi ya zama baki. George R. R. Martin, mawallafin A Game of Thrones na 1996, ya faɗa a wata hirar telebijin a 2014 cewa yana rubutu ne da wata tsohuwar manhaja, WordStar 4.0, a kan na'urar da ba ta haɗe da intanet. Dalilinsa shi ne ba ya son taimakon da bai nema ba. Mutumin da littafinsa ke cike da ƙagaggun sunaye, in ya bar na'ura ta yi masa gyara, sai ta lalata masa kowane shafi. Ba lallai mu koma tsohon inji ba, amma kowa yana iya shiga saitin wayarsa ya kashe gyaran dole, ya sa allon rubutu na Hausa.

Batun zaɓi kuwa, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Cikin littattafanmu na 1934, wani ya fi son Ganɗoki na Bello Kagara, jarumin da ke ratsa runduna har ƙasar aljannu, wani kuma ya fi son Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Ni ina wajen Alhaji Imam, domin da wayo ya ke fita, wani lokaci kuma Malam Zurƙe ya rama masa, ya ji a jikinsa. Wannan ma'auni na ke ɗorawa a kan na Turawa. Shirin Game of Thrones, wanda aka nuna daga 2011 zuwa 2019, ya kama zukata a farkonsa domin duk wanda ya yi sakaci ya biya, kome girmansa a labarin. Da aka zo zango na ƙarshe sai aka yi gaggawa, aka dunƙule shi cikin kashi shida, har mutum fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a sake shi. A kashi na huɗu ma aka manta kofin gahawa na zamani a kan teburin sarauta. Cikin 'yan kwanaki kwamfuta ta goge kofin daga hoton, amma gaggawar da aka yi wa labarin tana nan, wannan ba aikin na'ura ba ne.

Akwai marubucin da ya san halin baran nan sarai, ya kuma bar masa umarni marar harshen damo. Terry Pratchett na Ingila, mai littattafan Discworld guda 41, ya rasu a watan Maris na 2015. Ya bar wasiyya cewa labaran da bai gama ba kada kowa ya ƙarasa masa su, a sa motar daɓen titi ta bi ta kan ma'ajiyar kwamfutarsa. A watan Agusta na 2017 aka cika wasiyyar a wani bikin tsofaffin injuna a gundumar Dorset. Masu karatunsa sun yi baƙin ciki, amma wannan asara ce da mai abu ya zaɓa da kansa, da idonsa biyu. Asarar da ya kamata mu guda ita ce irin ta Ƙasimu da mai taɓarya, wadda mantuwa da sakaci su ke jawowa.

Saboda haka, jama'a, kafin ku kwanta yau, kowa ya tambayi kansa abin da ke cikin na'urarsa wanda in ya ɓace ba ya sayuwa a kasuwa. In ya tuna, ya kwafe shi wani wuri, ya buɗe kwafin ya tabbata yana aiki, ya kuma rubuta kalmar buɗe kogonsa inda zai same ta. Rigakafi dai ya fi magani.